Mai Taya Kaya a Gindin Aduwa

Duk wanda ya ci kasuwar Belbeji a shekarun nan ya san abin da Kawu Isuhu ke fara yi kafin ya buɗe gwanjo. Ba ya fara duba kaya, ba ya fara gaida mutane. Tsintsiya yake zarowa daga hammata, ya nufi gindin aduwar nan ta bayan rumfar masu tabarmi, ya share wani ɗan fili da bai wuce faɗin buzun salla ba, ya yayyafa masa ruwa daga buta. Sannan ya ja da baya, ya ce wa filin, "Bismilla." Sai ya dawo ya ɗauki tsohon murfin tukunyarsa da cokali, ya buga sau uku, gwanjo ya buɗe.

Ku da kuka san shi kun san ba ƙari nake ba. Komai cikar kasuwa ba mai tsayawa a wurin nan. Mutane su matsu cikin rana suna sharce gumi, ga inuwa a share, amma a bar ta. Ni Rabi, ɗiyar ƙanwarsa Hajara, da idona na ga an jawo jaki ta wurin, jakin ya toge, ya zaga ta baya.

A wajenmu kayan gwanjo ba kayan murna ba ne. Ko an yi rasuwa magada sun rasa yadda za su raba turmi ɗaya gida biyar, ko damina ta ƙi mutum zai kwashi iyali ya yi arewa, ko an ɗauke mushen lakwal, wato malamin makaranta, an mai da shi wani gari. Sai a loda komai a amalanke a kawo wa Kawu: gadaje, katifu, adaka, kwalla da langa, kujerun roba, randa. Shi kuma ya ɗaga abu, ya yabe shi, ya faɗi aibinsa ko mai shi bai so ba, ya ce a taya.

Yana cikin kira, "Jika biyu, wa zai ƙara?" sai ka ga ya yi shiru. Ya karkata kai wajen aduwar kamar mai sauraron wanda muryarsa ba ta fita sosai. Ya gyaɗa kai, ya juyo, ya ce, "An ƙara." Ba kowane kaya ba, wani lokaci sai a yi kasuwa uku bai yi ba. Da farko an ɗauka dabara ce ta tsawwala kuɗi. To amma in ba wanda ya ƙara a kai, sai ya buga murfi ya ce, "Na wurin ne." Ya sa hannu a aljihunsa ya biya masu kaya, ya ɗaura wa abin wani ɗan tsumma, ya kai shi wani ɗaki a bayan gidansa ya danna kwaɗo. In ka tambaye shi wa ya saya, sai ya ce, "Mai shi. Bai shirya rabuwa da shi ba." Mai shi kuwa an yi kwanaki da binne shi.

Maganar ta kai kunnen liman. Ya same shi a gaban jama'a, ya ce, "Isuhu, ka ji tsoron Allah. Wanda ya mutu ya mutu. Matattu ba sa ciniki, ba su da ko dala."

Kawu ya ce, "Gaskiya ne, Allah gafarta Malam. Shi ya sa ni nake biya."

Liman ya gyara rawani ya wuce.

Kuma can kuɗinsa ke tafiya, shi ya sa ya zama marowacin da ƙasar Damargu ba ta taɓa ganin irinsa ba. Ganyen shayi ya dafa, ya shanya a kan danga, gobe ya sake dafawa, har ganyen ya koma fari. Wata rana abokinsa Agali Buzu ya kurɓa, ya leƙa kofin, ya ce, "Isuhu, wannan shayi ne, ko ruwan da ya taɓa jin labarin shayi?" Kawu ya ce, "Kai da ka samu dahuwa ta huɗu kake ƙorafi? Liman ta bakwai na ba shi, har addu'a ya yi mini."

Babban ɗansa Mamman, taubashina, yana aikin kanikanci a Damagaram. Ya ji kunyar ubansa da murfin tukunya, ya sayo masa lasifika sabuwa dal. Kasuwa ta gaba, abu na farko da Kawu ya ɗaga a taya lasifikar nan ce. Laminu, wanda ya daɗe yana son ya kafa nasa gwanjon, shi ya saya. Da Mamman ya yi mita, Kawu ya ce, "Abu na cin batir, ni in ci me?" Sai ya rage murya, ya nuna aduwa da haɓa, ya ce, "Kuma ba sa son hayaniya." Tun daga ranar bai sake kiran Laminu da sunansa ba, sai Mai-Batir.

Akwai wani Alhaji ɗan Damagaram da ke zuwa da mota yana kwasar tsofaffin kaya yana kaiwa birni. Zuwansa na farko ya ga inuwa ba kowa, ya shiga ya tsaya, ya riƙe ƙugu. Aka yi ta yi masa nuni da ido, ya yi kamar bai gani ba. Ranar kayan tsohuwa Hajo mai fura ake sayarwa, wata ɗaya da rasuwarta. Kawu ya ajiye murfi, ya ce a hankali, "Alhaji, ka taka mata zane." Ban taɓa ganin mai babbar riga ya yi tsalle irin wannan ba.

Kunya ta sa shi zuciya. Da aka ɗaga turmin Hajo, wurin ya taya, Alhaji ya ƙara. Wurin ya ƙara, Alhaji ya ƙara, har turmin ya yi kuɗin tunkiya. Kawu ya laluba aljihu, ya dubi aduwa, ya ce, "Ki yi haƙuri, Hajo, nan ƙarfina ya tsaya." Alhaji ya tafi da turmi. Kasuwa na zagayowa sai ga shi da turmin ɗaure a saman mota, idanu zuru-zuru.

Ya ce, "Malam Isuhu, kullum aka idar da azahar sai in ji ana daka a cikin sito. In buɗe, ba kowa. Turmi a kife, ko taɓarya babu."

Kawu ya ce, "Bayan azahar? Lokacinta ke nan, furar la'asar take haɗawa. Da dare fa?"

"Da dare shiru."

"Ai Hajo ba ta hana maƙwabta barci."

Alhaji ya sauke turmin da kansa, bai ko tsaya maganar kuɗinsa ba. Ni dai ban ji dakan nan ba, ba zan rantse ba. Wasu sun ce ƙofar siton ce iska ke bugawa. Alhaji bai daina zuwa kasuwa ba, amma daga nan can gefen masu gishiri yake tsayawa yana ɗaga hannu.

Duk wannan dariya muke yi, har ranar da abin ya zo kaina.

Shekara bakwai ke nan, bayan an kai amfanin gona gida, Inna ta rasu. Mu biyar ta bari. Yayyena suka ce a kai kayan ɗakinta gwanjo a raba abin da aka samu, ban musa ba. Abu ɗaya nake so: gadonta na ƙarfe mai rumfa, shuɗi, mai ɗan madubi a wajen kai. Ƙafa ɗaya ta fi sauran gajarta, akwai wani ɗan dutse baƙi da Inna ke tokare ta da shi tun ina yarinya. A kan gadon nan ta haife ni, a kansa na yi jinyarta wata huɗu. Na sayar da akuyata da ɗanta, na ƙulle kuɗin a bakin zane, na je na tsaya a gaba.

Kowa a kasuwa ya san dalilin zuwana. Da aka ɗaga gadon na taya, ba wanda ya tanka, har Alhaji ya kau da kai. Na ji daɗi har hawaye ya zo mini. Kawu ya ɗaga cokali zai buga, sai hannun ya tsaya a sama. Ya karkata kai wajen aduwa. Ya daɗe yana saurare, ya fi kowane lokaci daɗewa. Bai dube ni ba ya ce, "An ƙara."

Na ƙara. Ya ce an ƙara. Na sake ƙarawa, ya sake faɗa. Na kwance bakin zane na zazzage, ba saura. Ya buga murfi, ya ce, "Na wurin ne."

Na bi amalanken har gidansa, ko mayafi ban gyara ba. Na tarar ya yage gefen koren kallabin Inna yana ɗaurawa a jikin rumfar gadon.

Na ce, "Kawu, wa ya saye gadon uwata?"

"Uwarki."

"Inna tana kabari."

"Ai shi ya sa ba ta tsaya dogon ciniki ba."

"Kawu, ni ba Alhaji ba ce, kar ka yi mini wasan kasuwa."

Ya ƙulle tsumman, ya dube ni, ya ce, "Ta ce ba yanzu ba. Ta ce in kika kai shi gidan Sani, ba zai yi kwana arba'in ba zai dawo ƙarƙashin murfina."

Sani mijina ne a lokacin. Raina ya ɓaci, na faɗi maganar da ɗiya ba ta faɗa wa wan uwarta. Na ce shi da aljanunsa su hau su kwanta a kai. Na ce ƙafata ba za ta sake taka gidansa ba. Ya tura gadon ciki, ya danna kwaɗo.

Ba a yi shekara biyu ba Sani ya ƙulla tafiya Aljeriya. Ya fara da sayar da kwallayena, ya bi da katifa, ya bi da adaka, har randar ruwa. Duka ta gaban Kawu suka wuce, ina tsaye nesa ina kallo, aduwa ba ta taya ko ɗaya ba. Bayan wata takwas saki ya iso mini ta salula. Na koma gidan yayana, aka ba ni ɗaki, na shimfiɗa tabarma, na kama sana'ar ƙuli-ƙuli da man gyaɗa.

Kawu ya yi gaskiya, kuma gaskiyar nan ce na kasa yafe masa. Jini ɗaya ne, taurin kan ma ɗaya. Ya aiko matarsa, Baba Atta, ta ce, "Kawunki ya ce in gaya miki yanzu ne." Na ce, "Ki gaya masa na saba da tabarma." Bayan shekara ya sake aikowa, na sake mayar da amsar nan, alhali bayana na ciwo kamar an dake ni. Ran kasuwa in na zo wucewa da tirena sai in kau da kai. Shi kuma sai ya buga murfin sau ɗaya, a hankali, ya ci gaba da kiransa. Shekara biyar muna haka.

Bana da bazara, a kasuwarsa ta ƙarshe, masu tabarmi sun ga ya share filin ya faɗaɗa shi, faɗin buzu biyu. Ɗayansu ya ce, "Isuhu, baƙi za a yi ne?" Ya ce, "A'a, ɗan gida ne." Bayan kwana uku ya idar da sallar walaha, ya jingina da bango, shi ke nan. Na shiga gidan da na rantse ba zan shiga ba, na tarar an riga an lulluɓe shi. Nadama ta kama ni, ko kukan kirki na kasa yi.

Bayan sadakar arba'in aka fasa kwaɗon ɗakin nan. Kaya har azara: turame, kujeru, adaka, tabarmi a naɗe, wani keken ɗinki, kowanne da tsummansa. Kawu bai iya rubutu ba, tsumman nan su ne shaidarsa, shi kaɗai ya san na wane ne. Malamai suka ce tunda da kuɗinsa ya saya, kayan na magadansa ne. Na danne girman kai na samu Mamman. Ya ce, "Rabi, da ni kaɗai ne da kin ɗauka yanzu. Mu goma sha ɗaya ne, da ƙanana a ciki. Dole a kai kasuwa, ki zo ki taya."

Laminu aka ba gwanjon. Tun jajibiri ya yi ta faɗa a rumfar mai shayi cewa shi ba mai shara ba ne, zamanin tsintsiya ya wuce. Da hantsi muka iso da amalanke huɗu, muka tarar gindin aduwa a share, faɗin buzu biyu, ƙasar da danshi. Aka tambayi masu tabarmi, suka ce haka suka tarar. Laminu ya yi dariyar da ba ta kai ciki ba, ya kunna lasifika. Jama'a ta cika maƙil, amma inuwar nan aka bar ta.

Alhaji ya zo da babbar mota. A ganinsa mai abin ya tafi, abin ya tafi. Ya kwashe kujeru, ya kwashe adaka, turmin Hajo kaɗai ya yi kamar bai gani ba. Wajen azahar aka fito da gadon, yana sheƙi kamar jiya aka ƙera shi. Na taya da abin da na tara a ƙuli-ƙuli. Alhaji ya ƙara, don irin gadon nan ana nemansa a birni. Na ƙara, ya ƙara. Sau huɗu muka yi, ƙarfina ya ƙare. Na tsaya ina kallon koren tsumman nan, na san wannan karon in ya tafi ba wani ɗaki da zai jira ni a ciki.

Laminu ya ce, "Na ɗaya. Na biyu." Sai lasifika ta yi ƙara ta mutu. Ya bubbuga ta a tafin hannu, shiru. Kasuwar ma ta yi tsit. A cikin shirun nan aka ji ƙwal, sau ɗaya, a hankali. Murfin Kawu yana cikin tarin kayan da ba a kai gare su ba, wasu sun ce zamewa ya yi ya bugi langa. Ni na san bugun nan, shekara biyar ina jin sa a bayana.

Laminu ya juya wajen aduwa. Ya karkata kai. Mutumin da ya yi shekaru yana kwaikwayon Kawu don a yi dariya, yau ba kwaikwayo yake ba. Ya ce da ƴar ƙaramar murya, "An ƙara."

Alhaji ya dubi aduwa, ya dubi ƙafafunsa ko ya taka wani abu, ya ja da baya taku biyu. Ya ce, "Na janye." Laminu ya ce, "Na wurin ne."

Wani daga baya ya ce, "To wa zai biya?" Ba wanda ya yi dariya. Mamman ya matso gaba, ya ce, "A cire a rabona. Ba zan sayar wa Baba abin da ya riga ya saya ba." Ya juyo gare ni idonsa jawur, ya ce, "Ke uwar taurin kai, zo ki ɗauki kayanki kafin a sake aiko miki."

Bayan kwana biyu na tare Laminu, na ce ya gaya mini gaskiya me ya gani. Ya ce, "Wallahi Rabi ban ga kowa ba." Na ce to me ya sa ya faɗa. Ya waiga hagu da dama, ya ce, "A nan gefen kunnena aka ce, kai Mai-Batir, an ƙara." Har yau bai sa wa lasifikar nan sabon batir ba, da baki yake kira.

Da na kafa gadon a ɗakina sai ya yi ɗingishi, na tuna gajeruwar ƙafar nan. Na tashi zan nemo abin tokarewa, sai na ga tsumman kallabin Inna ya yi nauyi a ƙulli. Na kwance, ɗan baƙin dutsen nan ya faɗo a tafina. Baba Atta ce ta gaya mini saura. Ta ce duk shekara in damina ta ɗauke sai ya sayo ƙaramin gwangwanin shuɗin fenti, ya shiga ɗakin ya rufe, ya bi gadon ƙarfe-ƙarfe. Mutumin da ke dafa ganyen shayi sau bakwai. Ta ce in ya fito sai ya ce, "Za ta zo, jinina ce, sai ta gama fushinta." A nan na yi kukan da na kasa yi ranar rasuwarsa.

Sauran kayan da ba su tafi ba, mutane sun yi ta zuwa suna duba tsummokara. Wata ta gane hannun rigar ubanta, wani ya gane zanen kakarsa. Turmin Hajo yana gidan jikarta, ta ce ita ba ta jin komai, sai dai bayan azahar ba ta barin yara su zauna a kansa. Ni kuma ran kasuwa nakan fita da wuri da tsintsiya da buta. Sau biyu na tarar an riga ni.

Ko Inna ce ta yi masa magana a gindin aduwar nan, ko shi ne ya karanci Sani tun kafin ni in karance shi, ban sani ba, Allah ne masani. Abin da na sani, ya aiko sau biyu ban je ba.

Kawu, na zo, amma na makara. Allah ya jiƙanka, ya yafe maka, ya sa ka yafe mini maganar da na faɗa a ƙofar ɗakin nan. Yadda ka yi shekaru kana share wa bayinsa inuwa, Allah ya share maka wuri mai sanyi, ya faɗaɗa shi, ya zaunar da kai kusa da ƙanwarka. Amin.